Ɗan Tsakon da Ya Fito da Rauni: Abin da Ya Sa Ɗumi Yake Gaba da Ruwa, Ruwa Kuma Yake Gaba da Abinci

Duk wanda ya taɓa ɗaga kazar da ta gama kwanci, ko ya buɗe injin ƙyanƙyasa a rana ta 21 da sa ƙwai, ya san cewa da wuya 'yan tsaki su fito dukkansu da ƙarfi ɗaya. Yawancinsu cikin 'yan sa'o'i sukan bushe, gashinsu ya tashi ya yi laushi, su miƙe suna 'yan guje-guje, amma sau da yawa akan tarar da guda ɗaya a gefe, kwance a kan cikinsa, idanu a rufe, kai ya rinjayi wuya, gashin kuma a manne a jiki kamar wanda aka tsamo daga ruwa. Abin da ke fara zuwa zuciyar mai kiwo shi ne yunwa ce ta kwantar da shi, sai ya ɗauko shi ya buɗe masa baki ya ɗura masa ruwa ko ya cusa masa abinci. Wannan tausayin, idan aka yi shi ba bisa tsari ba, shi ne yakan ƙarasa ɗan tsakon da watakila zai rayu da an fara da abin da ya kamata a fara da shi.

Dalilin yana cikin yadda ɗan tsako yake zuwa duniya. A kwanaki biyun ƙarshe na zamansa cikin ƙwai, wato wajen rana ta 19 zuwa ta 20, yakan janyo ragowar gwaiduwa ta kafar cibiya zuwa cikin cikinsa, sannan cibiyar ta rufe a kanta. Ke nan yana fitowa ne da guzurinsa a ciki, guzurin da ke ɗauke da mai da furotin da ɗan ruwa, tare da sinadaran kariya daga cututtuka waɗanda uwar ta zuba a cikin ƙwan tun kafin ta saka shi. Wannan guzuri yakan riƙe lafiyayyen ɗan tsako kwana biyu zuwa uku ba tare da ya ci komai ba, kuma a kansa ne manyan gidajen ƙyanƙyasa suke dogara idan suka loda 'yan kwana ɗaya cikin kwali suka aika da su nesa. Saboda haka yunwa ba ita ce ke kashe ɗan tsako a ranarsa ta farko ba. Abubuwan da ke kashe shi da wuri su ne sanyi, da bushewar jiki, da ƙwarewa idan an ɗura masa abu ya bi ta hanyar numfashi, sai kuma cutar da ta shiga ta cibiya. Wanda ya gane haka zai san cewa yana da lokaci a kan maganar abinci, a kan maganar ɗumi kuwa ba shi da shi.

Ɗan tsako ba ya iya riƙe zafin jikinsa da kansa sai ya kai wajen mako biyu, lokacin da gashin gaske ya fara maye gurbin na haihuwa. Nauyinsa gaba ɗaya kimanin gram 40 ne, kuma jiki ƙarami irin wannan yana zubar da zafi da sauri ƙwarai, balle idan yana jiƙe. Zafin jikin lafiyayye yakan tsaya wajen digiri 40 a ma'aunin Salshiyos, kuma da zarar ya sauka ƙasa da haka da 'yan digirori, komai na cikinsa yakan yi sanyi tare: hanji ya daina motsi yadda ya kamata, shan gwaiduwar ya ragu, haɗiya ma ta yi masa wuya. Abincin da aka cusa wa ɗan tsako mai jin sanyi yakan tsaya ne a jakar abincin da ke gindin wuyansa, ya yi tsami a can, bai amfane shi da komai ba. Hanya mafi sauƙi ta gane halin da yake ciki ita ce mutum ya ɗora tafin ƙafafunsa a kan kumatunsa ko a wuyansa. Idan ya ji su da sanyi, to babu wata magana sai ta ɗumamawa.

Wurin renon 'yan tsaki a makon farko yana buƙatar zafin digiri 32 zuwa 35, a auna shi a daidai tsayin bayansu, domin ma'aunin da aka rataye a sama yakan nuna abin da ba su ji a ƙasa, sannan a riƙa rage kimanin digiri 3 kowane mako. Ga mai rauni, ƙaramin kwali mai tsabta ya isa, a shimfiɗa tawul ko tsumma mai kaushi a ƙasa, a sa kwalbar ruwan ɗumi da aka naɗe da zane a gefe ɗaya, ko a rataya ƙwan fitila mai ba da zafi a sama da kusurwa ɗaya. Idan babu ko ɗaya a kusa, tafin hannu biyu ko cikin riga a jikin mutum yakan riƙe shi kafin a shirya wurin. Abin da ake yawan mantawa da shi shi ne, lafiyayyen ɗan tsako idan zafi ya yi masa yawa yakan tashi ya matsa, mai rauni kuwa inda aka ajiye shi nan zai zauna ko da yana gasuwa, saboda haka nauyin lura yana kan mai reno ne, ya riƙa sa bayan hannunsa a daidai inda ɗan tsakon yake kwance, ya kuma duba ko ya buɗe baki yana haki ko ya ware fuka-fukai. Ɗumamawar ma a hankali ake yin ta, cikin rabin sa'a zuwa sa'a ɗaya, kuma ba a kanga shi kusa da wuta. Wanda yake ɗumama ɗakin da gawayi ko fitilar kananzir ya bar kafar shigar iska, domin hayaƙin da ke taruwa a rufaffen ɗaki yana iya kashe 'yan tsaki dukkansu cikin dare ɗaya, har ya taɓa mai su.

Kukansu ma labari ne ga mai kunne. Ɗan tsakon da yake jin daɗi yakan yi 'yar tsuwa ƙasa-ƙasa, mai jin sanyi kuwa yakan ɗaga murya da kuka mai tsini ba ƙaƙƙautawa. Wanda ya yi shiru gaba ɗaya alhali jikinsa da sanyi, shi ne abin tsoro, don ƙarfin kukan ma ya ƙare masa.

Sai ƙafafun sun yi ɗumi, ya fara buɗe ido yana ɗaga kai, sannan a zo kan ruwa. Bushewar jiki tana samun ɗan tsako fiye da yadda ake zato, musamman a injin ƙyanƙyasa, inda tsakanin wanda ya fara fitowa da na ƙarshe akan samu tazarar kwana guda ko fiye, na farkon yana zaune cikin iska mai zafi yana jira. Alamarta tana ƙafa: maimakon ƙwaurin ya zama cike yana sheƙi, sai a gan shi a ƙanjame, ya yi duhu, jijiya ta fito. Ruwan da za a ba shi ya zama mai tsabta mai ɗan ɗumi, a narka ƙaramin cokali ɗaya na sukari cikin kofi ɗaya, ko a yi amfani da garin bitamin da gishirin jiki da ake sayarwa domin kaji, bisa ma'aunin da aka rubuta a jikin ledar. Sukarin na 'yan sa'o'in farko ne kawai, iyakarsa yini guda, domin yawansa yana kawo zawo mai danƙo, wanda shi kansa wata matsala ce da za mu zo kanta.

Yadda ake ba da ruwan ya fi abin da ke cikinsa muhimmanci, kuma a nan ne ake yin kuskuren da ba ya gyaruwa. Idan aka buɗe bakin tsuntsu aka duba, za a ga wata 'yar tsaga a gindin harshe tana buɗewa tana rufewa. Wannan ita ce ƙofar numfashi, kuma ba ta da murfin da ke kare ta irin wanda mutum yake da shi a maƙogwaro. Hanyar abinci tana bayanta ne, ta gangara ta ɓangaren dama na wuya. Duk wanda ya ɓare bakin ɗan tsako ya matsa sirinji a tsakiya, to kai tsaye ya nufi wannan tsaga, kuma ɗigo kaɗan a huhun halittar da ba ta wuce gram 40 ba sun isa su kashe ta nan take ko su haifar da ciwon huhu bayan kwana ɗaya. Abin da ake yi shi ne a riƙe shi a tsaye cikin tafin hannu, ƙafafu a ƙasa, kai a daidai ba a ɗage shi baya ba, a tsoma yatsa ko tsinken auduga a ruwan, a ajiye ɗigo ɗaya a gefen bakin, daidai inda na sama da na ƙasa suka haɗu. Ɗigon yakan bi tsagar ya shige da kansa, sai ka ga bakin ya motsa sau biyu ko uku kamar mai ɗanɗano, maƙoshin ya yi ɗan motsi, wani lokaci ya ɗaga kai kaɗan. Wannan motsin shi ne haɗiya, kuma sai an gan shi sannan a ƙara wani ɗigon. Ɗigo uku zuwa biyar a kowane minti 20 ko 30 sun isa da farko, daga baya a riƙa tsawaita tazarar yayin da ƙarfi yake dawowa. Idan ɗigon ya tsaya a bakin bai haɗiye ba, ko kumfa ya fito ta hanci, a dakata a mayar da shi cikin ɗumi. Wanda ya fara tsayuwa kuma ana iya tsoma ƙarshen bakinsa kawai cikin ruwan na daƙiƙa ɗaya a sake shi, ba tare da ruwan ya kai ƙofofin hanci ba. Mazubin da za a bar masa ya zama marar zurfi kamar murfin kwalba, a zuba 'yan tsakuwa masu tsabta a ciki, domin ɗan tsako mai rauni yakan yi barci kansa na cikin ruwa, kuma zurfin da bai kai gaɓar yatsa ba ya isa ya nutsar da shi.

Cewa gwaiduwa tana riƙe shi kwana biyu ko uku ba ya nufin a bar shi har tsawon wannan lokaci. Cin abinci da wuri yana tayar da hanji, yana kuma hanzarta shan gwaiduwar kanta, shi ya sa a manyan gonaki ake son a taɓa jakar abincin 'yan tsaki bayan sa'a 24 da saukarsu a tarar aƙalla 95 cikin 100 sun cika ta. Da zarar mai raunin ya yi ɗumi, ya sha ruwa sau da dama, kuma yana riƙe kansa, lokacin abinci ya yi. Mafi dacewa shi ne abincin farko da ake haɗawa musamman domin 'yan tsaki, wanda furotin ɗinsa yake tsakanin kashi 18 zuwa 22 cikin ɗari, a jiƙa ɗan kaɗan da ruwan ɗumi ya yi laushi ruwa-ruwa. Idan babu shi a hannu, gwaiduwar dafaffen ƙwai da aka murtsuke da ɗan ruwa ita ce madadin da na fi yarda da shi, tunda ita ce abin da jikinsa ya saba da shi tun yana cikin ɓawo, sai dai ta kwana ɗaya ce ko biyu kafin a samo cikakken abinci. Ana shafa ɗan mitsitsi a gefen baki kamar yadda aka yi da ruwa, a jira ya haɗiye. Jiƙaƙƙen abinci yana saurin lalacewa a wuri mai ɗumi, don haka a riƙa dama sabo kowane 'yan sa'o'i a zubar da tsohon.

Burin dai shi ne ya fara ƙoto da kansa, kuma a nan ana kwaikwayon uwar ne. Kaza idan ta samu abinci takan ɗauka ta saki, ta buga ƙasa da baki tana kira, 'ya'yan su rugo su tsinci abin da ta nuna. Mutum yana iya barbaɗa burbushin abinci a kan tawul ɗin ya riƙa ƙwanƙwasa wurin da farce, sai ka ga ɗan tsakon ya karkata kai ya zuba wa yatsan ido, ya kai sara ya kuskure, ya sake kaiwa. Bayan ya ci, a shafa gindin wuyansa ta dama a hankali: jakar abincin ta zama 'yar ƙwallo mai laushi. Idan ta yi tauri, ruwa ne bai isa ba, idan kuma ta kwana cike ba ta ragu ba, a koma a duba ɗumin wurin kafin a ƙara masa komai.

Akwai abubuwan da ake ba 'yan tsaki da kyakkyawar niyya alhali cutarwa suke yi. Madara ba ta narkewa da kyau a cikin tsuntsu, zawo take sa shi. Burodi yana cika ciki ba tare da ya gina jiki ba. Ƙwayar hatsi guda-guda ta fi ƙarfin ƙundunsa a waɗannan kwanakin farko. Abincin kaji masu ƙwai kuwa, wanda yake kama da mafita tunda yana nan a buhu, yana ɗauke da kalsiyam wajen kashi 4 cikin ɗari domin yin ɓawon ƙwai, alhali ɗan tsako kimanin kashi 1 yake buƙata, kuma rarar tana lalata masa ƙoda idan aka ɗore a kai.

Kowace safiya da yamma a juya shi a duba ƙarƙashin wutsiya. Sanyi, ko zafi mai yawa, ko yawan sukari, sukan sa kashi ya manne a gashin da ke kewaye da dubura ya bushe ya toshe ta, kuma ɗan tsakon da ba ya iya fitar da kashi ba ya daɗewa. Ana jiƙa wurin da auduga da ruwan ɗumi har dunƙulen ya saki da kansa, a tsane shi sarai, a shafa ɗan man baselin, sannan a mayar da shi cikin ɗumi nan da nan. Fizge shi a bushe yana yage fata. A kuma yi hattara kada a rikita dubura da cibiya: dubura tana dab da wutsiya, cibiya kuwa tana ƙasa da ita ta wajen ciki, kuma ɗan busasshen zare ko ɓawon da ke kanta ba a cire shi, da kansa yake faɗuwa.

Cibiyar ita ce wurin da ya fi nuna ko ɗan tsakon zai tashi. Wadda ta rufe da kyau a bushe take, a shafe, gashi ya lulluɓe ta. Wadda ta rage a buɗe, ko take tsattsafo da ruwa, ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta, galibi irin su E. coli, waɗanda kan shiga su sami gwaiduwa mai ɗumi su hayayyafa a cikinta, sai guzurin da ya kamata ya rayar da shi ya koma guba. Alamun su ne ciki ya kumbura ya yi taushi, fatar wurin ta yi ja ko shuɗi-shuɗi, wari yana tashi, kuma yawancin irin waɗannan sukan mutu cikin makon farko. Idan buɗewar 'yar kaɗan ce kuma babu kumburi, a goga maganin aidin mai sauƙi, a ajiye shi shi kaɗai a kan shimfiɗa busasshiya inda 'yan'uwansa ba za su sassare wurin ba. Idan kuwa mutuwar ta wuce ɗaya ko biyu, ko aka ga farin zawo a jikin da dama, ko suna miƙa wuya suna haki ba tare da zafi ba, wanda yakan biyo bayan shimfiɗa mai fumfuna, maganar ta wuce jinyar ɗaya, ta zama ta likitan dabbobi. Ba na goyon bayan a buɗe ledar maganin kashe ƙwayoyin cuta a zuba a ruwa bisa zato, domin sanyi da bushewar jiki ba su jin wannan magani, kuma yawan amfani da shi ba bisa ƙa'ida ba shi ne ke sa ya daina aiki ranar da ake buƙatarsa.

Wani raunin kuma na ƙafa ne kawai. Ɗan tsakon da aka ajiye a kan takardar jarida ko leda ko kwali mai santsi yakan kasa samun abin takawa, ƙafafun su baje hagu da dama, ya kasa kai kansa ga abinci duk da cewa cikinsa lafiya lau. Wannan yana gyaruwa idan aka kama shi da wuri: a yanki siririn filasta a ɗaure ƙwaurin biyu, ƙasa da gwiwa, a bar tazara daidai faɗin tsayuwarsa ta ɗabi'a, a riƙa kwancewa kullum ana dubawa, kuma cikin kwana biyu zuwa huɗu yawanci yakan taka da kansa. Yatsun da suka lanƙwashe ciki ana miƙe su a manna a kan ɗan yankin kwali kamar takalmi, kuma sau da yawa suna da nasaba da ƙarancin bitamin B2 ko zafin ƙyanƙyasa da bai daidaita ba. Wuyan da ke murɗewa ko kan da ke komawa baya kamar mai kallon sama yakan zo ne daga ƙarancin bitamin E ko B1, wanda asalinsa abincin uwar ne, kuma irin wannan yana buƙatar a riƙa tallafa masa da hannu wajen ci har ya warware.

Da yawa daga cikin masu fitowa da rauni, mu ne muke jawo musu da gaggawa. Daga lokacin da ɗan tsako ya fasa 'yar ƙofa a ɓawo zuwa fitowarsa akan ɗauki sa'a 12 zuwa 24, kuma yawancin lokacin a kwance yake yana hutawa, huhunsa yana sabawa da iska, jijiyoyin jinin da ke jikin tantanin ƙwan suna janyewa, gwaiduwar tana ƙarasa shiga. Mai kallo yakan ɗauka ya maƙale, ya sa farce ya ɓare masa, garin gyaran gira a rasa ido: jini ya ɓalle, ko ya fito da gwaiduwa a rataye a waje. Yawan buɗe injin a kwanaki ukun ƙarshe ma yana zubar da danshin da ake so ya kai kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari, tantanin ya bushe ya naɗe ɗan tsakon, ya ƙarar da ƙarfinsa wajen kokawar fita.

Ba kowane ne zai tashi ba, ko da an yi komai daidai. Wanda ya fito da hanji a waje, ko wanda ya kwana biyu cikin ɗumi mai kyau bai taɓa haɗiye ɗigo ɗaya ba, tsawaita jinyarsa tsawaita wahalarsa ce, kuma ya fi kyau a nemi wanda ya iya ya kawo ƙarshenta cikin gaggawa. Mai jinya kuma ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa shi da bayan ya taɓa, domin ko lafiyayyun 'yan tsaki suna iya ɗauke da ƙwayar cutar Salmonela, kuma ƙananan yara ne suka fi saurin kamuwa idan suka kai su kusa da baki.

Wanda ya fara warwarewa kuwa, kaɗaici ne matsalarsa ta gaba, don ɗan tsako shi kaɗai yakan yi ta kuka har ya ƙi ci. Idan ba a zargin cuta, a sa masa ɗaya daga cikin 'yan'uwansa mafi natsuwa a kwalin, sai ka ga yana kwaikwayonsa wajen ci da sha. Ana mayar da shi cikin sauran ne idan yana tsayuwa daram, yana zuwa wurin ruwa da kansa, kashinsa kuma yana fita ba tare da mannewa ba. Idan wurin uwa za a mayar da shi, a yi hakan cikin kwanakin farko kafin ta daina karɓar baƙo, kuma a yi da dare, a tura shi a hankali ƙarƙashin fiffikenta ta baya. Da gari ya waye a tsaya a lura: idan ta kira shi ga abinci tare da sauran, ta karɓe shi, idan kuma ta fara kai masa sara a ka, a ɗauke shi a ci gaba da renonsa a kwali tare da abokin zamansa.